Rubutu na rarrafe a allon tsofaffin kwamfutoci: a koma tsohon tsarin haruffa ne?

"Assalamu alaikum Malam. Ina kula da wata cibiyar koyon kwamfuta a Tudun Wada cikin garin Gombe, muna kuma da ƙaramin reshe a Kumo. Babbar kwamfuta ɗaya mai Linux ce ke ɗauke da dukkan manhajoji, ɗalibai kuma suna zama gaban tsofaffin kwamfutoci na hannu waɗanda aikinsu nuna allo kawai ta tsarin X. A nan Gombe wasu injinan lafiya lau, wasu kuwa da ka buɗe takarda sai ka ga rubutu yana sauka layi-layi. A Kumo, inda muke haɗawa da datar waya, abin ya fi muni. Wani ya ce min laifin sabon tsari ne da manhaja ke zana haruffa da kanta, wai in koma tsohon tsari inda sabar X ke riƙe da haruffan. Na gwada a xterm, tagar rubuta umarni, ya yi sauri, amma ɗ da ƙ da ɓ suka koma akwatuna. Ina mafita?" Mai karatu daga Gombe.

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya dafa maka a wannan aiki. Abin da kake son sani shi ne ko zana haruffa a ɓangaren manhaja ne ke jawo wannan nawa, kuma ko komawa tsohon tsari zai magance ta ba tare da an yi asarar haruffanmu masu ƙugiya ba. Amsata tun daga farko ita ce kada ka koma. Wanda ya ba ka shawarar ya lura da wani abu na gaskiya, amma maganin da ya faɗa ba zai yi maka aiki ba. Sannan matsalar injinan Gombe daban take da ta Kumo, ko da yake a ido kamarsu ɗaya.

Yadda abin ya faro

An fara tsarin X a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, sigar da ake amfani da ita har yau, wato X11, ta fito a 1987. A wannan tsari sabar X ita ce shirin da ke kan injin da ɗalibi ke zaune gabansa, mai kula da allo da kibod da maus. Manhajar da ke gudana a babbar kwamfutarka ita ke aiko mata da buƙata. To duk inda na ce sabar X, tsohuwar kwamfutar ɗalibi nake nufi.

A tsohon tsari fayilolin haruffa suna zaune ne wurin sabar X. Manhaja takan nemi salon da take so da wani dogon suna mai cike da karan-ɗori, sannan ta aika lambobin haruffa kawai, saba ta zana. Wannan ba ya cin hanya ko kaɗan, shi ya sa ka ga xterm ya yi sauri. Amma kafin manhaja ta rubuta komai sai ta san faɗin kowane harafi da tsayinsa, don haka sai ta tambayi saba ta jira amsa. Bayanin awon harafi ɗaya bayit 12 ne. Ga salon da ke da haruffa 256 wannan ba komai ba ne. Ga salon Unicode, jerin da ke ba haruffan harsunan duniya lamba, mai gurbi har 65,536 kuwa, amsa ɗaya tak tana iya kusantar kilobayit 800. Ban da haka, manhaja ba ta ganin ainihin siffar harafin, don haka abin da ke allo da abin da firinta ta fitar sukan saɓa. Kuma dole a saka haruffan a kowane inji, ko a kafa sabar haruffa ta xfs wadda ke saurare a tasha, wato ƙofar sadarwa, ta 7100. Idan ita ta tsaya, allon kowa na iya sandarewa.

Akwatunan da ka gani kuwa, tsofaffin sunayen haruffa galibi suna nuni ne ga jerin ISO 8859-1, wanda aka tsara don harsunan Yammacin Turai. Babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsa. A xterm kana iya gyara wannan idan ka zaɓi salon da sunansa ya ƙare da iso10646-1, irin su GNU Unifont. Sai dai ɗalibanka ba a xterm suke rubuta wasiƙa ba. LibreOffice da Firefox da duk manhajar da aka gina kan kayan gina manhaja na GTK ko Qt na yanzu ba su san tsohon tsarin ba sam. Ko ka so komawa, babu ƙofar.

Sabon tsarin ya zo ne a 2000, lokacin da Keith Packard ya rubuta wa sabar X wani ƙari da ake kira Render. Tare da shi aka samu Xft, shirin da manhaja ke zana haruffa da shi, sai fontconfig a 2002 mai zaɓo salon haruffa, FreeType kuma shi ke mayar da siffar harafi ɗigogi. Duk waɗannan ukun a babbar kwamfuta suke aiki. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, ba a kowane rubutu ake aika hoton harafi ba. Kamar hatimi ne: manhaja ta sassaƙa hatimin "a" sau ɗaya, ta aika wa saba ta ajiye shi da lamba, daga nan duk inda ake son "a" sai ta ce a buga lamba kaza a wuri kaza. Bari mu yi lissafi. Harafi mai faɗin ɗigo 10 da tsayin ɗigo 14, idan an sassauta gefensa da launin toka-toka, kusan bayit 170 ne. Haruffa ɗari na salo ɗaya ba su kai kilobayit 20 ba, kuma sau ɗaya za a aika su. Bayan haka layi mai haruffa 80 bai wuce bayit ɗari da 'yan kai ba. Kusan daidai yake da tsohon tsari, ga shi babu tambayar awo da jiran amsa, tunda manhaja ta riga ta san awon da kanta.

Inda ake samun nawar

Duk wannan sauƙi ya rataya ne a kan Render. Idan sabar X ba ta da shi, Xft da cairo, wani shirin zane da manhajoji da yawa ke amfani da shi, ba sa ƙin aiki, sai su bi doguwar hanya. Harafi mai sassautaccen gefe dole a gauraya launinsa da launin abin da ke ƙarƙashinsa. Saba ba ta iya gaurayawar ba, manhaja kuma ba ta san abin da ke allo ba. Sai manhaja ta ce a aiko mata da hoton wurin, ta tsaya ta jira, ta gauraya a wurinta, ta mayar da hoton. Layi mai faɗin ɗigo 600 da tsayin 16, a bayit huɗu kowane ɗigo, bayit 38,400 ne zuwa, wasu 38,400 dawowa. Shafi mai layi 40 ya haura megabayit uku. Kwatanta wannan da 'yan kilobayit da Render zai ci a shafin nan. Wannan shi ne rubutun da kake gani yana sauka layi-layi, domin kowane layi sai ya jira na gabansa ya je ya dawo.

Jiran nan ma ya fi yawan bayit ɗin illa. Idan saƙo yana ɗaukar kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya je ya dawo, abin da ba baƙo ba ne a datar waya, layi 40 sun cinye daƙiƙa takwas a zaman jira kawai, ko da an ce hanyar ba ta da iyaka wajen faɗi. Keith Packard da Jim Gettys sun auna zirga-zirgar X a 2003, suka nuna cewa jinkirin zuwa da dawowa shi ne babban abin da ke kashe manhajojin X a hanya mai nisa, kuma matsewar da ssh, shirin shiga wata kwamfuta daga nesa, ke yi ta wadatar a madadin LBX, tsohon ƙarin da aka yi don hanyoyi marasa ƙarfi. Daga baya aka cire LBX gaba ɗaya daga X.Org, sabar X da ake amfani da ita a Linux. Na faɗi wannan ne don kada wani ya turo maka tsohon bayani ya ce ka nemi lbxproxy.

Fara da dubawa kafin ka taɓa komai

Ka zauna gaban inji mai nawa, ka shiga yadda ɗalibi ke shiga, ka buɗe tagar rubuta umarni a babbar kwamfuta ta wannan hanyar, ka rubuta xdpyinfo. Zai jero ƙare-ƙaren da saba ke da su. Nemi RENDER. Ka kuma duba zurfin launi, ko 8 ne ko 16 ko 24. Yi haka a inji mai lafiya ka kwatanta.

Na nace a kan cewa ta hanyar da ɗalibi ke bi za a duba, saboda akwai tarkon da na sha tararwa a ɗakunan kwamfuta. Idan ana haɗawa da ssh -X, ssh na iya gabatar da manhaja ga saba a matsayin wadda ba a amince da ita ba. A wannan hali sabar X.Org tana ɓoye mata kusan dukkan ƙare-ƙare, har da Render. Xdpyinfo zai nuna maka BIG-REQUESTS da XC-MISC kawai. Wato saba sabuwa fil sai ta zama kamar ta shekarun 1990. Debian da Ubuntu sun sauya wannan tun daga saitinsu na asali, shi ya sa a can -X ke aiki kamar -Y, amma sauran ba lallai ba ne. Idan injinanka ba Linux iri ɗaya ke kansu ba, wannan kaɗai na iya zama dalilin da wasu ke gudu wasu ke rarrafe. Maganinsa ssh -Y, ko a saka ForwardX11Trusted yes a saitin ssh na injin ɗalibi. Ka sani dai -Y yana ba babbar kwamfuta ikon ganin duk abin da ake dannawa a wannan allo. Tunda taka ce, ba laifi. Kada a yi haka da kwamfutar da ba ka san mai ita ba. Wata alamar wannan tarko ita ce bayan minti 20 da shiga sabuwar taga ta ƙi buɗewa, domin izinin da ssh ke bai wa wanda ba a amince da shi ba yana ƙarewa a wannan lokaci.

Abu na biyu, waya. Rubuta ethtool da sunan katin sadarwa a injin ɗalibi ka ga gudun da suka daidaita a kai da suwic, akwatin da ke haɗa wayoyin injinan. Wayar da ba a matse kanta da kyau ba, ko ramin da ƙurar hunturu ta cika, kan sa kati ya sauka zuwa megabit 10 a maimakon 100. Mutum ya yi ta zargin haruffa alhali kan waya ne. Sai kuma ping daga babbar kwamfuta zuwa injin. A cikin ɗaki ɗaya bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa da yawa ba. Idan kana son adadi a hannu, x11perf -aa10text zai auna gudun sabon tsari, x11perf -ftext ya auna na tsoho, a injin da kake zargi da wanda ke lafiya.

Injinan Gombe

Idan da gaske sabar ba ta da Render, hanya mafi tsafta ita ce a sauya sabar. Kwamfuta ce ta yau da kullum, don haka a saka mata ƙaramin Linux mai X.Org na zamani. Ko katin hotonta ba shi da direba na musamman, direban vesa ko fbdev zai tashe shi, kuma Render zai yi aiki da ƙarfin furosesa. Buga ƙananan haruffa ba aiki ba ne mai nauyi, tsohon Pentium ma yana iyawa. Idan Windows ke kan injin kuma wata tsohuwar sabar X ake amfani da ita, VcXsrv da Cygwin/X duk suna da Render.

Wani lokaci ba a iya sauyawa, misali ƙananan akwatunan nan da shirinsu ke ƙone a ciki. A nan akwai dabara biyu. Ta farko, a kashe sassauta gefen haruffa. Idan harafi baƙi ne ƙirin ba toka-toka, ba a buƙatar sanin abin da ke ƙarƙashinsa, don haka Xft ba zai nemi a aiko masa da hoton allo ba. Zai aika umarnin cike 'yan ƙananan layuka ne kawai, ba jira. Ana yin haka da saka Xft.antialias: 0 da Xft.rgba: none da Xft.hintstyle: hintfull a fayil, a loda shi da xrdb -merge lokacin shiga. Abin da nake so da wannan hanya shi ne saitin yana zama a jikin sabar X ɗin ne, ba a babbar kwamfuta ba. Kana iya kashewa a injina marasa ƙarfi ka bar sauran da kyakkyawan rubutunsu. Idan ka saka a /etc/fonts/local.conf kuwa, kowa ya shafa. Ka lura, tsarin tebur irin su GNOME da Xfce suna da nasu saitin haruffa da ke danne na xrdb, sai ka kashe a can ma. Kuma wannan dabara ta fi tasiri ga manhajojin da ke bi ta Xft kai tsaye. Waɗanda ke bi ta cairo suna iya ci gaba da neman hoton allo don wasu zane-zanen da ba rubutu ba.

Dabara ta biyu ta fi ƙarfi: a sa sabuwar saba a tsakani. Xephyr sabar X ce da ke buɗewa a matsayin taga cikin wata sabar, tana zane a ƙwaƙwalwarta, kuma tana ba da Render ko da wadda ta ɗauke ta ba ta da shi. Idan ka gudanar da ita a babbar kwamfuta, manhajoji za su yi magana da ita a gida, ita kuma ta riƙa tura wa tsohon akwatin wuraren da suka sauya kawai, hanya ɗaya ba dawowa. Hotuna ne ke tafiya, don haka tana son waya mai megabit 100, amma a cikin ɗaki ɗaya ta wadatar ga aikin rubutu. Saukar da zurfin launi zuwa 16 yana rage nauyin da rabi. Kada dai ka sauka zuwa 8, manhajojin yanzu ba sa jituwa da shi.

Ga injinan da ke da Render ma akwai abin gyara. Kashe Xft.rgba, wato sassautawar da ke amfani da ja da kore da shuɗin kowane ɗigo, domin tana ninka girman kowane harafi kusan sau huɗu, kuma a tsohon allo mai ƙusumbi ba ta da wani amfani. Rage yawan salo da girma: kowane salo a kowane girma jeri ne daban da za a sassaƙa a aika, kuma kowace manhaja nata take aikawa. Ɗalibin da ke ta zuƙo shafi yana mayarwa, sabbin haruffa yake sa a aiko a kowane mataki, kuma duk a ƙwaƙwalwar tsohon injin suke taruwa.

Kumo

A nan zan faɗa maka kai tsaye, kada ka tura X tsagwaronsa ta datar waya. Ko Render na nan, ko an saka ssh -C don matsewa, manhaja tana yi wa saba tambayoyi masu yawa da ba su shafi haruffa ba, musamman lokacin buɗewa, kuma kowace tambaya sai an jira. Matsewa tana rage bayit, ba ta rage jira. Ga kuma babbar illa: da layi ya yanke, manhaja ta mutu da aikin ɗalibi a cikinta.

Abin da ya dace shi ne sabar X ta zauna kusa da manhaja a Gombe, duk tambaya da amsa su ƙare a cikin inji ɗaya, sannan wani shiri da aka gina don doguwar hanya ya kai sakamakon Kumo. X2Go, wanda aka gina kan fasahar NX da kamfanin NoMachine ya fitar, shi na fi ba da shawara ga aikin ofis da tebur mara nauyi irin Xfce ko MATE. Yana amsa yawancin tambayoyin a gida, yana ajiye abin da ya taɓa aikawa don kada ya maimaita, yana bi ta ssh, kuma idan layi ya yanke zaman yana nan, a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. Ba ya jituwa da GNOME na yanzu mai buƙatar katin hoto. TigerVNC da xrdp da xpra su ma suna yin wannan aiki ta hanyar aika hoton wurin da ya sauya. Amfaninsu a wurinka shi ne injin Kumo ba ya buƙatar Render ko fayil ɗin haruffa ko ɗaya. Hoto kawai yake karɓa ya manna.

Wurin saiti, ka guji matsewar JPEG mai tsanani. An yi ta ne don hoton kyamara, tana dusashe gefen rubutu, kuma abin da ta fara ci shi ne ƙugiyar ɗ da ƙ. Zaɓi matsewar da ba ta zubar da komai, irin PNG a X2Go ko ZRLE a VNC. A nan ma kashe sassauta gefe yana taimakawa, domin shafi mai launi biyu, baƙi da fari, yana matsuwa fiye da mai toka-toka iri-iri. Cire hoton bango ka bar launi ɗaya, kashe inuwar taga da motsin menu. Allo mai 1366 da 768 ya haura megabayit huɗu idan ba a matse ba, wanda a hanya mai megabit ɗaya ya fi rabin minti; duk abin da ke sa allo ya sauya gaba ɗaya, kuɗin data ne ke tafiya. Kuma ko da wasa kada ka buɗe tasha ta 6000 ga intanet ko ka rubuta xhost + don neman sauƙi. Duk wanda ya samu shiga zai ga allon ya kuma karanta abin da ake bugawa.

Haruffanmu

Wannan ɓangaren shi ne dalilin da ya sa nake kare sabon tsari da zuciya ɗaya. Tunda haruffa a babbar kwamfuta suke, wuri ɗaya za ka gyara kowa ya samu, har Kumo. A Unicode, ɓ tana lamba U+0253, ɗ tana U+0257, ƙ tana U+0199, ƴ tana U+01B4. Manyansu kuma U+0181 da U+018A da U+0198 da U+01B3. Ka ga ba a unguwa ɗaya suke ba: ɓ da ɗ suna cikin rukunin haruffan nazarin furuci, sauran suna wani rukunin na Latin. Shi ya sa ake samun salon da ke da ƙ amma ba shi da ɗ. Rubuta fc-list :lang=ha zai jero maka salon da suka cika sharuɗɗan Hausa. DejaVu da Noto Sans suna da su, haka Charis da Andika da Gentium na ƙungiyar SIL. Andika an tsara shi ne don masu koyon karatu, yana da kyau ga 'yan farko.

Idan salon da takarda ta nema ba shi da ɗ, fontconfig zai aro ta daga wani salon. Ba za a ga akwati ba, amma za a ga harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsayi a tsakiyar kalma, kuma an ƙara wani jerin da za a aika ta waya. Gara ka saita tsarin yadda sans-serif da serif da monospace duk za su nuna salon da ke da haruffan takwas, ka tabbatar da fc-match.

Akwai farashin da kashe sassauta gefe ke zuwa da shi, kuma mu ya fi shafa. A ƙaramin girma ƙugiyar ba ta wuce ɗigo biyu ko uku ba. Idan babu toka-toka tana iya manne wa sandar harafin ko ta ɓace, sai ɗaki ya koma daki, ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Ga mai koyon rubutun Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da nake yi shi ne in rubuta waɗannan kalmomi bibbiyu a jere, in tsaya a nisan da ɗalibi ke zama, in riƙa ƙara girma har sai na bambance su ba tare da na matso ba, sannan in mayar da wannan girman shi ne na asali. DejaVu Sans yakan fito da kyau a baƙi da fari saboda umarnin daidaita ɗigogi da ke cikinsa, wanda FreeType ke amfani da shi kai tsaye tun sigar 2.4 ta 2010, bayan haƙƙin mallakar da Apple ke da shi a kan fasahar ya ƙare. Ka kuma tsayar da Xft.dpi a 96, domin tsofaffin allo sukan ba da awon da ba daidai ba, rubutu ya fito ƙanana a wani inji manya a wani.

Idan kuna koyar da ajami, to maganar tsohon tsari ma ba ta taso ba. Harafin Larabci yana sauya siffa gwargwadon matsayinsa a kalma, ga wasulla sama da ƙasa, kuma HarfBuzz ne ke wannan lissafi a ɓangaren manhaja ta hanyar karanta fayil ɗin haruffan kansa. Salon Alkalami na SIL, wanda aka tsara bisa rubutun hannu irin na Kano, da Harmattan, duk ta wannan hanya suke aiki. Su kam ka bar musu sassauta gefe, ko ka ƙara girma sosai.

Iyakar abin da wannan zai gyara

Duk abin da na faɗa game da aika harafi sau ɗaya ya shafi manhajojin da har yanzu ke amfani da Render. Da yawa sun daina. Qt 5 da na bayansa suna zana taga gaba ɗaya a ƙwaƙwalwarsu su tura hoto. Firefox da Chromium na yanzu haka suke yi, GTK 4 da ya fito a 2020 ya karkata ga katin hoto. An gina su ne da zaton manhaja da allo a inji ɗaya suke, inda ake miƙa hoto ta ƙwaƙwalwar da aka yi tarayya a kai ba tare da ya bi waya ba. Wayland ma, sabon tsarin allo da ke maye gurbin X, a kan wannan zato aka kafa shi, kuma waypipe da ke kai shi nesa hotunan da suka sauya yake matsewa ya aika. Don haka idan ka gyara komai ka ga manhajar rubutu ta Mousepad da xterm sun miƙe amma burauza na nan tana jan ƙafa, ba kuskurenka ba ne, kuma babu saitin haruffan da zai canja wannan. A LibreOffice kana iya gwada SAL_USE_VCLPLUGIN=gen ka kwatanta da na asali a kan injinka, ka riƙe wanda ya fi sauri. Bidiyo kuwa ba zai yi daɗi ta kowace hanya cikin waɗannan ba.

Shi ya sa aikin LTSP, wanda tun 1999 aka san shi da irin tsarin da kake da shi, da aka sake rubuta shi a 2019 ya koma ga tsarin da inji ke tashi ta waya daga babbar kwamfuta amma manhajoji su gudana a kansa. Duk injin da ke da ƙwaƙwalwar gigabayit biyu ko fiye, wannan ya fi masa: kulawa tana nan wuri ɗaya, haruffan da ka zaɓa suna cikin hoton tsarin da kowa ke lodawa, zane kuma ba ya bin waya. Ka ware injinanka gida biyu bisa ƙwaƙwalwa. Masu ƙarfi su gudanar da burauza da kansu, marasa ƙarfi su tsaya a koyon bugu da aikin takardu ta X mai Render. A Kumo, idan aljihu ya yarda, ka ajiye matsakaiciyar kwamfuta ɗaya a can ta zama uwa ga injinan reshen a kan wayar cikin ɗaki, datar waya kuma a bar ta ga kwafe fayilolin ɗalibai da rsync da yamma da kuma shigarka ta ssh idan wani abu ya lalace.